Waiwaye: Yadda Ruwan Famfo Ya Zama Guba a Garin Flint

Ranar 25 ga Afrilu, 2014, magajin garin Flint da ke jihar Michigan a Amurka, Dayne Walling, ya danna wani maɓalli a gidan ruwan garin. Nan take ruwan da ake sayowa daga birnin Detroit ya tsaya, aka koma jan ruwa daga kogin Flint. Manyan jami'ai suka ɗaga kofuna suka sha a gaban 'yan jarida. Ba a ɗauki wani lokaci ba mata suka fara zuwa ofishin hukuma da robobi a hannu, cike da ruwa mai launin shayi, suna cewa yana wari, yana fesa wa yara ƙuraje, gashin kai ma yana zuba. Aka ce musu ruwan lafiyarsa ƙalau. Sai da aka shafe wata goma sha takwas ana maimaita musu wannan amsar.

Flint ba ƙaramin gari ba ne a tarihin Amurka. A nan aka kafa kamfanin motoci na General Motors a 1908, kuma a wajajen 1960 mazauna garin sun kusa 200,000. Da masana'antu suka fara rufewa, masu hali suka kwashe nasu ya nasu suka bar garin. Zuwa 2014 waɗanda suka rage ba su wuce 100,000 ba, fiye da rabinsu baƙar fata, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma suna cikin talauci. Haraji ya ragu, bashi ya yi wa garin katutu. A 2011 gwamnan jihar, Rick Snyder, ya naɗa wa garin kantoma, wanda ikonsa ya ɗara na magajin gari da kansilolin da jama'a suka zaɓa. Aikin kantoma guda ɗaya ne: rage kashe kuɗi.

Tun 1967 Flint ke sayen tataccen ruwan tafkin Huron daga Detroit. A 2013 aka yanke shawarar shiga wani sabon shiri na shimfiɗa bututu kai tsaye zuwa tafkin, amma aikin zai ɗauki shekaru. Kafin a gama, sai aka ce a lallaɓa da ruwan kogi, a yi tsimin kimanin dala miliyan 5. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a nan ba adon kaɗai aka rasa ba.

Abin da ya faru a cikin bututun shi ne gindin maganar. Tsofaffin gidajen Flint da yawa, ƙaramin bututun da ke haɗa su da babban layin titi na dalma ne, domin sai a 1986 Amurka ta hana sanya sabon bututun dalma. Detroit kan zuba wani sinadari mai suna otofosfet a ruwanta, wanda a hankali yake yin ɓawo a cikin bututu, ya shiga tsakanin ruwa da ƙarfe. Shekara da shekaru wannan ɓawon ne ke kare mutane ba tare da sun sani ba. Ruwan kogin Flint kuwa yana da gishirin kulorayid mai yawa, mai cin ƙarfe, kuma gidan ruwan Flint bai zuba sinadarin kariyar ba ko kaɗan, alhali dokar tarayya ta wajabta wa gari mai wannan girman ya magance zaizayar bututu. An ƙiyasta cewa kuɗin sinadarin bai fi kamar dala 100 a rana ba. Ruwan ya bi ya kankare ɓawon, tsatsa ta zubo, dalma ta narke ta biyo famfo har cikin kofi da kwalbar madarar jarirai.

Launin shayin nan da ake gani na tsatsa ne. Ita dalma ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Wannan wurin ne ya fi taɓa min zuciya, domin a watan Agusta da Satumba na 2014, da aka gano ƙwayoyin cuta a ruwan wasu unguwanni, an umarci mutane su riƙa tafasa shi. Tafasawa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da dalma. Ruwan ne ke ƙonewa ya ragu, gubar ta ƙara kauri a abin da ya saura a tukunya. Uwa ta tsaya a gaban murhu tana bin umarnin hukuma don ta kare ɗanta, ba ta san abin da take haɗa masa ba.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙin sunan dalma ba ne. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can yaro kan kama jijjiga ya mutu a gaban iyayensa. Ta Flint a ɓoye ta yi aikinta: kaɗan-kaɗan take taruwa a jini, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, ta rage masa fahimta da natsuwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Likitoci sun daidaita a kan cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

Ba za a ce hukuma ba ta ga alamu ba. A watan Oktoba na 2014 General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa ta injuna, saboda yana sa sassan injin tsatsa. Aka ba kamfanin dama ya sauya ruwa, jama'a suka ci gaba da sha. A Janairun 2015 gwamnatin jiha ta kai tankunan tataccen ruwa ginin ofisoshinta da ke Flint domin ma'aikatanta. A wannan watan ne Detroit ta ce a dawo, za ta yafe kuɗin sake haɗawa har dala miliyan 4, aka ƙi. A watan Maris kansiloli suka kaɗa ƙuri'a, bakwai da ɗaya, cewa a koma ruwan Detroit. Kantoma Jerry Ambrose ya yi watsi da ƙuri'ar.

Waɗanda suka fasa ƙwan ba masu mulki ba ne. Akwai LeeAnne Walters, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta matsa sai da aka gwada ruwan gidanta a Fabrairun 2015. Ma'aunin dalma a ruwan sha da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a lokacin shi ne kashi 15 cikin biliyan. Nata ya nuna 104. Maimakon a binciki garin, sai aka ce matsalar daga famfunan gidanta ne, daga baya aka yanke mata ruwa aka jawo mata tiyo daga gidan maƙwabci. Ba ta haƙura ba. Ta nemi Miguel Del Toral, wani jami'in hukumar muhallin, wanda ya rubuta rahoton gargaɗi a watan Yuni, sannan ta nemi Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech. Gwajinsa ya sami 13,200 a wani samfur na ruwan gidanta. Shi da ɗalibansa suka raba ɗaruruwan kwalaben gwaji, mutanen gari da kansu suka bi gida-gida suna ɗiba. Tun a watan Yuli kuwa, duk da rahoton Del Toral, kakakin ma'aikatar muhalli ta jihar ya fito ya ce masu fargabar dalma su kwantar da hankalinsu. Daga baya aka gano cewa a gwajin hukuma ana sa mutane su bar famfo ya zuba na 'yan mintuna da daddare kafin a ɗibi samfur washegari, kuma an cire samfura biyu masu yawan dalma daga rahoto.

Sai ranar 24 ga Satumba, 2015, wata likitar yara a asibitin Hurley, Dakta Mona Hanna-Attisha, 'yar wasu 'yan Iraƙi da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ta tara 'yan jarida. Ta duba bayanan gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kafin sauya ruwa da bayansa, ta ga adadin masu dalma fiye da kima ya kusa ninkawa, a wasu unguwannin ma ya fi haka. Jami'an jiha suka taso mata, suka ce tana tayar da hankalin jama'a. Cikin 'yan kwanaki suka duba nasu alƙaluman, suka amsa cewa gaskiya ta faɗa. Ranar 16 ga Oktoba aka mayar da garin kan ruwan Detroit.

Amma bututun sun riga sun ci. A Janairun 2016 gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, Shugaba Barack Obama ya biyo da ta tarayya, sojoji suka shiga rabon ruwan roba da matatar famfo. A wannan watan ne kuma aka sanar da jama'a abin da wasu jami'ai suka daɗe da sani: cutar huhu ta Lijiyonela, wadda ƙwayarta ke yaɗuwa ta ruwa, ta kama mutane kusan 90 a yankin tsakanin 2014 da 2015, aƙalla 12 sun mutu. Iyalai suka koma wanka da girki da wanke jarirai da ruwan roba, ana buɗe kwalba ɗaya bayan ɗaya ana juyewa a tukunya a ɗumama, ga takardar kuɗin ruwa tana zuwa duk wata, kuma a lokacin kuɗin ruwan Flint na cikin mafi tsada a Amurka. A 2017 hukumar kare haƙƙin jama'a ta Michigan ta fitar da rahoto cewa wariyar launin fata da ta yi jijiya a tsarin mulki na cikin musabbabin abin. Ni ma ban ga yadda za a yi wa unguwar masu kuɗi kunnen uwar shegu na shekara ɗaya da rabi ba.

Shari'a ta yi tafiyar hawainiya. A Nuwamban 2021 kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626, mafi yawanta daga gwamnatin jiha, kusan kashi 80 cikin ɗari an ware wa yara, sai dai shekaru suka shuɗe ana tantance takardu. An gurfanar da tsohon gwamna Snyder a 2021 bisa sakaci da aiki, tare da wasu jami'ai, amma a 2022 kotun ƙolin Michigan ta ce hanyar da aka bi wajen tuhumar ta saɓa doka, zuwa ƙarshen 2023 aka rufe shari'o'in. Ba wanda ya yi zaman gidan yari.

Sauya bututun dalma, wanda aka yi alƙawarin kammalawa cikin shekara uku a wata yarjejeniya da aka cimma a kotu a 2017, sai a tsakiyar 2025 aka ba da sanarwar an gama, bayan an cire kimanin 11,000. Gwaje-gwaje sun daɗe suna nuna ruwan ya sauka ƙasa da ma'aunin hukuma, gwamnatin jiha ma ta daina raba ruwan roba kyauta tun Afrilun 2018. Jariran da aka dama wa madara da ruwan kogin a 2014 yanzu sun haura shekara goma, kuma a gidaje da yawa na Flint iyayensu har yau ba sa barin su kai kofi bakin famfo.