Waiwaye: Yadda aka rufe ƙofar sabon littafi mai tsarki

A watan Yunin 2023, mutum fiye da 300 suka hallara a cocin St. Paul da ke garin Fürth na ƙasar Jamus, suka zauna kusan minti 40 suna sauraron wa'azi da addu'o'in da manhajar ChatGPT ta tsara, wata fuskar kwamfuta kuma tana karanta musu daga babban allon da aka kafa a gabansu. Tun daga nan muhawara ta ƙi lafawa a kan cewa idan na'ura ta iya tsara wa'azi, me zai hana wata rana a rubuta sabon littafi mai tsarki, masu bi kuma su rungume shi. Da yawa suna yin tambayar kamar jiya aka haife ta, alhali Kiristocin farko sun sha fama da ita fiye da shekara 1,800 da suka wuce.

A wajen Musulmi magana a yanke take tun farko, domin aya ta 40 ta Suratul Ahzab ta kira Annabi Muhammadu (SAW) cikamakin annabawa, an tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar bayan yaƙin Yamama, aka kuma tsayar da mus'hafi guda a zamanin Sayyidina Usman. Kiristanci kuwa ya ɗauki ƙarnoni kafin ya kai ga irin wannan iyaka. Matakan da aka fi ambata sanannu ne: jerin littattafan da wani malami mai suna Markiyon ya fitar a birnin Rum wajen shekarar 144, wasiƙar Bishop Atanasiyus na Iskandariya ta 367 da ta lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari, taron shugabannin coci a Kartaj na 397, sai irinsa na Katolika a Tarent na 1546. A ganina, duk waɗannan sa hannu ne a kan hukuncin da aka riga aka yanke a wani wurin da ba kasafai ake tunawa da shi ba.

Wurin shi ne Firijiya, a yammacin Turkiyya ta yau. A rabi na biyu na ƙarni na biyu, wani mutum mai suna Montanus ya bayyana tare da mata biyu, Biriskila da Maksimila, suna cewa Mai Taimakon nan da aka yi alkawarinsa a Bisharar Yohanna, wato Ruhu Mai Tsarki, yana magana ta bakinsu. Mabiyansu suka raɗa wa tafiyar suna Sabon Annabci, suka kira ƙananan garuruwan Fefuza da Timiyon da sunan Urushalima. Daga cikin kalaman Montanus da suka iso gare mu akwai wanda ya kamanta mutum da molo, Ruhu kuma da abin da ke kaɗa tsirkiyar, ma'ana dai bakin na mutum ne amma maganar ba tasa ba ce.

Abin da ya sa lamarin ya yi wa ikilisiya wuya shi ne mutanen nan ba su zo da baƙuwar aƙida ba. Sun yarda da Bishara, sun yarda da wasiƙun Bulus, abin da suka ƙara kawai shi ne tsanani wajen azumi, da hana aure na biyu, da ƙwarin guiwar fuskantar shahada. Har Tartuliyan na Kartaj, wanda yake cikin manyan malaman Kirista da suka fara rubutu da Latin, ya karkata gare su wajen shekarar 207. Annabci kansa ma ba sabon abu ba ne a majami'un wancan zamani, tun da Bulus ya yi dogon bayani a kansa a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa. Saboda haka ba a iya korar su da hujjar ɓata a cikin abin da suke faɗa ba, ga shi kuma mabiya sun fara rubuta kalaman annabawan uku suna yaɗawa.

Sai aka sauya ma'auni. Maimakon a tsaya a kan ko maganar tana da kyau, aka koma tambayar zamanin da aka rubuta ta da kuma wanda ya rubuta ta. Yusibiyus, marubucin tarihin ikilisiya, ya kawo maganar wani malami da ya ce ya daɗe yana jan ƙafa wajen rubuta raddi ga mutanen Firijiya, don gudun kada a ga kamar yana ƙara wani abu a kan maganar Sabon Alkawari, wadda ba a ƙara mata ba a rage mata. Ya kuma ba da labarin Gayus, wani malami a Rum a farkon ƙarni na uku, wanda ya yi muƙabala da wani jagoransu mai suna Firokulus, ya soki ƙarfin halinsu na tsara sababbin nassoshi.

Inda sabon ma'aunin ya fi fitowa fili shi ne a wani guntun rubutu mai lissafa littattafan da aka karɓa, wanda wani masani ɗan Italiya mai suna Muratori ya wallafa a 1740 daga wani ɗakin karatu na birnin Milan, wanda galibin masana ke ɗora asalinsa a ƙarshen ƙarni na biyu. Rubutun ya yi magana a kan littafin Makiyayi na Hermas, wanda jama'a suke ƙauna ƙwarai, ya ce ya kamata a karanta shi, amma kada a karanta wa taron ikilisiya shi cikin annabawa, domin adadinsu ya cika, ko cikin manzanni. Babban dalilin da aka bayar shi ne cewa kwanan nan aka rubuta shi, lokacin da ɗan'uwan marubucin, Fiyus, yake bishop na Rum. Littafin bai yi laifin komai ba illa zuwa a makare. Duk da haka bai fita da sauƙi ba, don kuwa yana nan cikin kundin Sinai, wani tsohon kwafin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na huɗu. Abin mamaki, Maksimila da kanta an ruwaito ta ce bayanta babu sauran annabci sai ƙarshen zamani, wato ita ma tana da tata ƙofar da take son rufewa.

Sabon Annabci ya rayu kusan shekara 400, har zuwa wajen 550, lokacin Sarkin Rumawa Jastiniyan, da aka rushe wurin ziyararsu a Fefuza aka ƙone littattafansu. Sai a shekarar 2000 masu binciken kufai suka gano inda garin yake, a lardin Ushak.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa rufe ƙofar bai hana a rubuta sababbin littattafai ba, ya dai hana su shiga tsohon bango, don haka kowanne sai ya kafa tasa al'umma. Littafin Mormon ya fito a 1830 a garin Palmyra na jihar New York da kwafi 5,000, yau kuma cocin da ya ginu a kansa yana ƙirga mabiya sama da miliyan 17, har da haikali a Accra da wani a Aba, amma Katolika da Furotesta da Otodoks ba su karɓe shi a matsayin nassi ba. Mabiya addinin Sikh a Indiya sun rufe tasu ƙofar a 1708, da Guru Gobind Singh ya miƙa jagoranci ga littafinsu mai tsarki, Guru Granth Sahib.

Ko waɗanda suka ce tasu ƙofar a buɗe take suna buɗe ta ne da awo. Babban cocin Mormon da ke Utah ya karɓi wasu wahayi biyu cikin nassoshinsa a 1976, ɗayansu na 1836 ne, ɗayan na 1918, wato sai da suka kwana biyu kafin a yarda da su. Wani reshen, Community of Christ, da ke Missouri, ya fi yawan ƙari: shugaban coci ne ke gabatar da rubutun, wakilai su tattauna shi a babban taro, sannan su kaɗa ƙuri'a. Ta wannan hanya aka shigar da sashe na 165 cikin littafinsu na wahayi, Doctrine and Covenants, a shekarar 2016.