Wai mene ne hostin, kuma me ya haɗa shi da fotal ɗin makaranta da ba ya buɗewa?

Duk gidan da yake da ɗalibi a jami'a an san maganar nan ta "fotal ya ƙi buɗewa", kuma amsar da ake bayarwa kusan kullum ɗaya ce, wai netwok ne. To wani lokacin netwok ɗin ne da gaske, musamman mu nan karkara da sai ka fita bakin titi ko ka hau tudu kafin sabis ya kawo. Amma idan WhatsApp na shiga, Facebook na buɗewa, har bidiyo kana kalla ba ya tsayawa, sai shafin makaranta ne kaɗai yake ta juyawa, to ka daina zagin kamfanin layinka, matsalar tana can ɗaya ɓangaren, wajen da shafin yake zaune. Wannan wajen zaman da duk ɗawainiyarsa shi ake ce wa hostin.

Shafin intanet ba a iska yake ba. Tarin fayil ne da hotuna da rumbun bayanai, wato sunayen ɗalibai da lambobinsu da makinsu da wanda ya biya da wanda bai biya ba, duk suna cikin wata kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana. In ka danna adireshin a wayarka, wayar tana aika tambaya ne zuwa ga wannan kwamfutar, ita kuma ta dawo maka da amsa. Hostin shi ne samar wa sabar wuta da sanyi da layin intanet mai ƙarfi da tsaro da mutumin da zai tashi ya duba ta in ta tsaya ƙarfe biyun dare. Adireshi kuma daban yake. Irin su buk.edu.ng ko fud.edu.ng suna ne kawai da ke nuna hanya, hukumar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, kuma makaranta za ta iya ɗauke shafinta daga wannan saba zuwa waccan, ko daga wannan ƙasa zuwa wata, adireshin na nan yadda yake ba wanda zai lura.

Tsohon tsarin da manyan makarantu da yawa suka fara da shi shi ne a ware ɗaki a sashen kwamfuta, a sayi saba a kafa a ciki. Ba laifi ba ne, kayanka na hannunka. Sai dai saba tana fitar da zafi sosai, mu kuma a watan Afrilu zafinmu na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, saboda haka dole na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki ba hutu, ke nan janareto da dizal da inbata da batura, ranar da ɗaya daga cikinsu ya gaza fotal ya tafi. Wasu kuma haya suke kamawa mai arha a wajen kamfani, inda saba ɗaya take ɗauke da ɗaruruwan shafukan mutane daban-daban, in na wani ya cika da baƙi naka ma ya yi nauyi. Abin da ya fi wannan muni shi ne watsuwa: wannan tsangaya ta sa wani tsohon ɗalibinta ya yi mata shafi, wancan sashe ya ba wani ɗan kwangila, laburare da nata, makarantar gaba da digiri da nata, kowanne a wajen kamfani daban, wanda ya yi aikin ya tafi bautar ƙasa da faswod ɗin a kansa, manhajar da aka gina shafin da ita, galibi WordPress, an yi shekaru ba a sabunta ta ba, sai a wayi gari ɓarayin intanet sun shiga sun cika shafin sashen da tallar caca. Shi ya sa in aka ce za a zamanantar da hostin ɗin jami'a, aikin farko ba sayen komai ba ne, zama ne a ƙirga shafuka nawa ma ake da su, a ina suke, wa ke riƙe da makullinsu.

Asalin ciwon fotal ɗin makaranta shi ne aikinsa ba ya zuwa daidai wa daida. Wata da watanni sabar na zaune kusan ba ta yin komai, sai ranar da aka saki sakamako ko ana saura kwana biyu a rufe rijista dubban ɗalibai su afka mata a awa ɗaya. Manomi ya san wannan lissafin a kan tarakta. In ka saya taka, sati kaɗan za ta yi aiki a farkon damina, sauran shekara tana ajiye tana cin kuɗin gyara, in kuma ka sayi ƙarama don sauƙi ranar da ake buƙatarta ba za ta iya gonar ba, shi ya sa yawancinmu haya muke yi. Abin da ake kira kilawud hayar ce: manyan kamfanoni irin su Amazon, da suka fara wannan kasuwa a 2006, da Microsoft da Google sun tara saba dubbai a manyan gine-gine, kai kuma ka kama iya ƙarfin da kake so ka biya da awa, satin rijista a ƙara maka saba biyar ko goma, a sa wata na'ura a gaba tana raba musu ɗaliban da ke shigowa, an gama a mayar da su a daina biya. Inda ma suka fi mai tarakta shi ne su kwastomominsu suna ko'ina a duniya, ba a rana ɗaya kowa ke buƙata ba, ba ka bin layi.

Amma fa kar wani ɗan kwangila ya zo ya ce da an koma kilawud shi ke nan an huta. Idan manhajar fotal ɗin tun asali an rubuta ta da ganganci, misali duk ɗalibin da ya shiga sai ta bi sunayen makarantar gaba ɗaya kafin ta nemo nasa, to ko saba ɗari aka jera duk a ƙofar rumbun bayanai guda za su cunkushe. Sannan ga dala. Waɗannan kamfanonin da dala suke lissafi, kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500, makarantar da ta yi kasafi da naira ta ga kuɗin hostin ya ninka sau uku ba tare da ta ƙara komai ba. Ga kuma nisa: babbar cibiyar Amazon ta farko a Afirka a Kef Tawun ta ƙasar Afirka ta Kudu take, an buɗe ta a 2020, makarantu da yawa kuma a Turai ko Amurka suke ajiye shafukansu, wato ɗalibi yana Ringim makarantarsa na Dutse amma tambayarsa sai ta gangara Legas ta bi wayar ƙarƙashin teku ta dawo. A watan Maris na 2024 da wayoyin tekun nan suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma kowa ya ga yadda abubuwa suka tsaya har da wasu bankuna. Akwai masu hostin a cikin gida, Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya da aka kafa a 2006, da cibiyoyin 'yan kasuwa irin su Rack Centre a Legas, ga kuma IXPN da ke haɗa kamfanonin intanet na ƙasar nan da juna don saƙon cikin gida ya daina fita waje. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta sa dole makaranta ta san inda take kai bayanan ɗalibanta da wanda ke iya ganinsu. Ni a ganina babu dole sai an zaɓi ɗaya tsakanin gida da waje, labarai da sanarwa da kowa ke iya gani a baza su a duk inda ya fi sauri da arha, makin ɗalibai da bayanan kuɗi kuma a ajiye inda aka san mai shi kuma za a iya kama shi da magana.

To yanzu ɓangaren waya, wanda shi ne ya fi shafarmu. Masu gina fotal suna zaune a ofis ne da laftof da faffaɗan allo da intanet na kebul mai ƙarfi, a nan suke gwadawa su ga komai lafiya lau. Shi kuwa wanda zai yi amfani da shi yana ƙauye lokacin hutu da 'yar Tecno ko itel ɗinsa mai fasasshen gilashi, cajin kashi 18 ne ya rage sai ya kai shagon caji, netwok na sauka daga 4G zuwa H zuwa E, data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Tsarin waya na jami'a ma'anarsa a fara gini da wannan ɗalibin a rai, mai laftof ya biyo baya. Dabarar da ke sa shafi ɗaya ya daidaita kansa da girman kowane allo ba sabuwa ba ce, tun 2010 wani mai zanen shafuka Ethan Marcotte ya yi bayaninta, amma har yau za ka ga fotal da sai ka yi ta jan allo hagu da dama kana buɗa shi da yatsu biyu kafin ka ga maɓallin da za ka danna, teburin kwasa-kwasai kuwa rabinsa a waje.

Daidaita da allo ma shi ne mai sauƙin. Nauyi ne babba. A cika shafin farko da manya-manyan hotunan ginin majalisar jami'a da na shugabanni suna ta zagayawa, shafin ya kai megabait 5, to yi lissafi: a layin da ke ba ka kilobit 200 a daƙiƙa, wanda a kan E ma sai ka yi sa'a, wannan shafin zai ci sama da minti uku kafin ya gama buɗewa, alhali yaron lambarsa kawai yake so ya shigar. Shafin shiga bai kamata ya ɗauki komai ba sai gurbi biyu da maɓalli. Haka fom mai tsawo, ka cike shafi huɗu netwok ya ɗauke, ka dawo ka tarar komai ya goge ka fara daga sunan mahaifi, alhali ana iya sa shi ya riƙa ajiye kowane mataki. Haka hoton fasfo da za a ce kar ya wuce 'yan kilobait, kamarar waya kuwa hotonta megabait ne, sai ɗalibi ya hau mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya biya mai kafe ya rage masa, aikin da sabar da kanta za ta iya yi cikin ƙiftawar ido. Sanarwa ma a daina ɗaukar hoton takarda ana liƙawa, a rubuta ta rubutu yadda za ta buɗe da sauri kuma a iya nemo suna a ciki. Abu mai muhimmanci irin ranar rufe rijista kuwa a turo shi ta tes, wannan ko ƙaramar waya mai madannai tana karɓa.

Wasu da sun ji an ce tsarin waya sai su ce a yi manhaja a sa a Play Store. Ni dai ban ga gaggawar ba. Wayar ɗalibi kullum kukan ba wuri take, sai ya goge hotuna kafin ya sauke, manhajar kuma tana buƙatar mai sabunta ta duk shekara, ga na iPhone daban. In shafin ya yi kyau a burawuza ya wadatar, manhaja sai in akwai abin da za ta yi wanda shafin ba zai iya ba, kamar ajiye jadawalin lacca da littattafai a karanta ba data.

Wajen biyan kuɗi nan ne hankalin iyaye ya fi tashi. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA, jami'o'in tarayya ta dandalin biyan kuɗi na Remita suke karɓar kuɗi, ɗalibi ya ciro lambar biya da ake kira RRR ya je banki ko wajen mai POS ya biya, daga nan sai Remita ta sanar da sabar makaranta. In a daidai lokacin sabar ta cika ko ba ta kunne saƙon ba zai shiga ba, kuɗi sun fita, fotal na cewa ba a biya ba, Baba da ya sayar da buhun riɗi ya haɗa kuɗin yana ganin an cuce shi. Galibi kuɗin ba su ɓata ba, fotal mai kyau yana da maɓallin da ɗalibi zai danna ya sake tambayo Remita da kansa, a riƙe risit da lambar kawai kar a sake biya. Kuma don Allah in an je kafe a canza faswod bayan an fito, ba kowane mai kafe ne mugu ba amma kwamfutarsa hannu nawa ke taɓa ta a rana.

Lambobin da kan fito a farin allo su ma suna da ma'ana: 404 shafin da kake nema babu shi a wannan adireshin, 503 sabar ta cika ko ana gyara, 502 da 504 kuma na'urar gaba mai raba masu shigowa ta jira sabar da ke bayanta ba ta samu amsar kirki ba. Duk waɗannan daga can ne, canza layi ko sayen sabuwar data ba zai gyara su ba, gara a bari sai bayan sallar asuba lokacin da mutane suka ragu. Ita ma makarantar tana da dabarar da ko kwabo ba za ta kashe ba kafin a kai ga maganar kilawud, ta raba ranakun rijista, 'yan aji ɗaya yau, 'yan aji biyu jibi, ko tsangaya-tsangaya, sakamako ma kar a sake shi duka a dare ɗaya. Sai kuma kwafin ajiya na rumbun bayanai a wani gari daban da inda sabar take, wanda ake gwada dawo da shi lokaci-lokaci a tabbatar yana aiki, da yarjejeniya a rubuce cewa adireshin da bayanan da makullan duka na makaranta ne, don ranar da aka rabu da ɗan kwangila kar makin ɗaliban shekara goma su bi shi.