Likitan sankarar yara: tambayoyin da iyaye da ɗalibai ke yi

Shekara nawa ake yi kafin a zama irin wannan likita?

Shekara 6 a jami'a, kamar ABU Zariya, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Daga nan ya shiga ƙwarewa a fannin yara, shekara biyar ko fiye a asibitin koyarwa irin na ABU da ke Shika, sannan ya ƙara horo a kan sankara.

Wace iri aka fi kawo masa?

Akwai ta Burkitt, sunan likitan da ya bayyana ta a Yuganda a 1958. Tana kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, kuma tana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro. A gida sai a ce hangum ne ko ciwon haƙori, a yi ta shafe-shafe har lokaci ya ƙure. Akwai ta ƙoda da ta jini. Ta ido kuwa, uwa ce kan fara lura da wani fari a ƙwayar idon yaro, yana ƙyalli kamar idon kyanwa da dare. Wanda ya ga haka ya nufi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna.

Ana warkewa kuwa?

Ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran na warkewa, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba su kai 30 ba. Jinkirin zuwa asibiti da yanke magani saboda kuɗi su ne manyan dalilai.

Idan magani ya ƙi, likita ya gama nasa ke nan?

A'a. A ganina nan ne ake gane likita. Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ba sallama ba ce, kuma tun ranar da aka gano cutar ya kamata a fara ta. Yaro ya samu barci, amai ya tsaya, ya iya shan kunu. Iyaye da yawa na tsoron morfin, wani magani mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, wai zai zama jaraba. Idan likita ne ya auna shi daidai da nauyin yaro da zafin ciwon, da wuya hakan ta faru. Sai abin da ya fi nauyi: ya zaunar da uwa da uba, ya ce, “Baba, ga inda muke,” ya faɗi gaskiya a hankali, kuma in sun zaɓi komawa gida da ɗansu, ya haɗa su da maganin da zai ishe su.