Bokitin da ya kamata a ajiye a bayan ƙofar kowane ɗakin magani

A wani ƙaramin asibiti da na taɓa aiki, an kawo mai naƙuda tana zubar da jini tun daga bakin ƙofa. Muna ciki muna fama da ita, sai na leƙo na ga Inna mai shara ta durƙusa da tsohon zane a hannu, ba safa, tana goge siminti tana matsewa a bokitin da take wanke banɗaki da shi. Kaushin hannunta duk ya tsage. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa ba ta wani abin aikin.

Jinin da ya zube ba datti ba ne kawai. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini, kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ya sha kama ma'aikatan lafiya ta jini da fitsarin majinyaci.

Shi ya sa nake roƙon kowane mai kula da asibiti, kemis ko ɗakin gwaji ya ware bokiti guda mai murfi, a rubuta a jikinsa, kada a taɓa shi don wani aiki. A ciki a sa safar hannu ta roba mai kauri, takunkumi, tabarau, rigar leda ta gaba, tsummoki ko takardar tsane ruwa, abin kwasar shara, ledar zuba sharar asibiti, da kwalbar bilic.

Haɗin bilic ɗin ne inda aka fi kuskure. Duba jikin kwalbar: in ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, kofi 1 na bilic a kofi 6 na ruwa. Kullum a haɗa sabo, domin na jiya ƙarfinsa ya riga ya ragu. Kada a kuskura a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe numfashi.

In abu ya zube, a fara tare hanya, yara da masu jinya su kauce. A sa kayan kariya, a shimfiɗa tsumma ya tsotse jinin, a kwashe cikin leda. Sannan a wanke wurin da ruwa da omo, a zuba haɗin bilic a bar shi kamar minti 10 kafin a goge. Mofa da fari baza jinin kawai take yi. Fasasshiyar kwalba ko allura kuwa, ko da safa ba a ɗauka da hannu. A tura ta cikin abin kwasar shara, a juye a kwalin allurai.

Duk abin da aka yi amfani da shi a mayar da madadinsa ranar, kuma a zaunar da masu shara na dare da na rana a nuna musu inda bokitin yake.