Aikin Kai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Farawa, Yanke Farashi da Karɓar Kuɗi

Mai fassara, mai zanen tambari, mai gina shafukan intanet, mai ɗaukar hoto, mai tace bidiyo, akanta: duk waɗannan suna iya cin abinci da sana'arsu ba tare da sun shiga jerin masu albashin kowa ba. Su nemo aiki da kansu, su yi ciniki, su yi aikin, a biya su, su wuce na gaba. A abin da nake gani, rashin iya aiki ba shi ya fi kayar da mutane a wannan hanya ba. Rashin lissafi ne da kunyar maganar kuɗi. Shi ya sa amsoshin nan suka fi karkata can.

Ina da aikin albashi. In ajiye shi in fara aikin kaina?

Kada ka ajiye tukuna. Fara da dare da ƙarshen mako, amma ka soma duba takardar ɗaukarka aiki, domin wasu ma'aikatu sun hana yin aiki a waje, musamman ga masu gogayya da su. Abu biyu za su nuna maka lokaci ya yi: kana da ajiyar da za ta riƙe ka wata uku zuwa shida ko da ba a biya ka ko sisi ba, kuma akwai mutum biyu ko uku da suka ba ka aiki, suka dawo suka ƙara.

Dalilin ajiyar shi ne jinkirin biya. Ka karɓi aiki a farkon Janairu, ka gama a ƙarshensa, ka tura takardar neman biya, kamfani ya ce tsarinsa kwana 30 ne. Kuɗin sai Maris ya kama. Kuɗin haya kuwa ba ya jiran Maris. Wanda aljihunsa ya bushe ba ya iya ciniki, duk abin da aka taya sai ya sallama.

Kowa sai ya ce in nuna aikin da na taɓa yi, ni kuma ban taɓa yi wa kowa ba.

To, yi wa kanka. Ƙirƙiro kamfanin da babu shi ka zana masa tambari, ko ka ɗauko rubutun da ba hakkin kowa a kansa ka fassara, ka faɗa a fili cewa samfuri ne. Uku masu kyau sun fi goma sha biyar na cika ido. Kuma ka taƙaita abin da kake sayarwa. Wanda ya ce "ina rubutu, ina zane, ina gyaran bidiyo, ina kula da shafukan sada zumunta" ba a tuna shi. Wanda ya ce "ina tace sautin hirarraki, ina cire hayaniya" ana tuna shi ranar da aka bukaci hakan.

Aikin kyauta kuwa, in za ka yi, kai za ka zaɓi wanda za ka yi wa, kuma kai za ka faɗi iyakarsa. Wanda ya zo da kansa yana cewa "yi mini kyauta, zan tallata ka" ba kasafai tallar take zuwa ba.

Ina ake samun masu ba da aiki? Dole sai Upwork da Fiverr?

Ba dole ba. Aikin farko yakan fito daga wanda ya riga ya san ka: tsohon abokin aiki, abokin karatu, wanda ya taɓa ganin hannunka. Ka gaya musu abin da kake yi yanzu cikin jimla ɗaya, ka rubuta haka a LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata da masu sana'a.

Upwork da Fiverr dandamali ne na intanet masu haɗa mai ba da aiki da mai yin sa. Dillalai ne, kuma dillali da la'adarsa yake ci. An kafa Fiverr a 2010, da ayyukan dala 5 ta fara, kuma tana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka, sannan sabon mai sayarwa yana jiran kwana 14 kafin ya iya fitar da kuɗinsa. Upwork ta samu wannan suna a 2015, bayan haɗewar wasu dandamali biyu, Elance da oDesk. A can sai ka kashe maki da ake kira Connects kafin ka nemi aiki, kuma ta sha sauya yawan la'adarta, don haka duba abin da take cirewa a ranar da za ka yanke farashi. Amfaninsu na gaskiya shi ne riƙon amana: a aikin da aka yanke kuɗinsa dunƙule, mai ba da aiki yana zuba kuɗin a hannun dandamalin kafin ka fara. Sharrinsu kuma, kana gogayya da duniya gaba ɗaya, kuma ranar da aka rufe maka asusu, sunan da ka gina a can ya tafi. Upwork ta kuma hana ka janye wanda ka samu a wurinta zuwa waje har tsawon shekara biyu, sai dai a biya ta wani kuɗi.

In za ka nemi aiki, bar tarihin rayuwarka. "Na duba shafinku a waya, maɓallin biyan kuɗi yana ɓoyewa ƙarƙashin hoto. Na gyara irin wannan a samfurin da ke haɗe, kuma zan iya gamawa cikin kwana huɗu." Wannan ya fi shafi guda na yabon kai.

Ta yaya zan yanke farashi?

Nan ne gizo ke saƙa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki albashin da yake so ya raba da awannin ma'aikaci. Ma'aikaci mai awa 40 a mako, mako 52, yana da awa 2,080 a shekara, kuma ana biyansa har da ranakun hutu da na rashin lafiya. Kai ba haka kake ba.

Mu ɗauki misali, ko da wane irin kuɗi kake lissafi. A ce kana son 100,000 a wata, wato 1,200,000 a shekara. In ka raba da 2,080, za ka ga awarka ba ta kai 580 ba, ka ɗauka farashinka ke nan. Yanzu yi lissafin gaskiya. Cire mako shida na hutu da ciwo da hidimomi, saura 46. A kowane mako kuma, wani kaso na lokacinka yana tafiya a neman aiki, amsa saƙonni, tarurruka, rubuta takardun biya da bin bashi, kuma ba wanda zai biya ka waɗannan. A ce awa 25 ce ta rage wadda za ka iya caja. 46 sau 25 ya ba ka awa 1,150. Sai ka ƙara abin da ma'aikata ke ɗauke wa ma'aikacinta: kwamfuta, data, wuta, manhajojin da ake biya duk wata. A ce 180,000 a shekara. Jimla 1,380,000. Raba da 1,150, ka samu 1,200 a awa. Ya ninka na farko har da ɗori, kuma ba a sa haraji ba tukuna.

In ta dandamali mai cire kashi 20 za ka bi, kada ka ƙara kashi 20 kawai ka ce 1,440, domin in aka cire za ka tashi da 1,152. Raba 1,200 da 0.8: farashinka 1,500 ne.

Wannan adadin shi ne gindin farashinka, abin da in ka sauka ƙasa da shi kana aiki a kan asara. Samansa kuma kasuwa ce ke faɗa, da irin amfanin da mai ba da aiki zai samu. Tambayi abokan sana'a nawa suke karɓa. Wasu za su ɓoye, amma za ka samu masu faɗa.

Kuɗin awa ya fi, ko jinga?

In aikin yana da iyaka a fili, kamar fassarar kalma 3,000 ko tambari ɗaya, yi jinga. Kuɗin awa yana cutar mai sauri: da ka ƙware, aikin awa goma ya koma huɗu, sai kuɗinka ya ragu. Amma ka ƙiyasta awannin a zuciyarka, ka ninka da farashin awarka, ka ƙara wani abu domin abin da ba ka hango ba. In kuwa shi kansa mai ba da aikin bai san abin da yake so ba, yau ya ce kaza gobe ya sauya, kuɗin awa ko na yini ne zai cece ka. Mai dawowa kowane wata kuma, ku yanke abin da zai riƙa biya a wata a kan aiki ƙayyadadde.

An ce na yi tsada. In rage?

Rage aikin, sai kuɗin ya ragu tare da shi. "Da wannan kuɗin zan iya yin shafi uku maimakon biyar." In ka zabge farashi daga jin magana ɗaya, ka nuna masa na farkon ƙarya ne, kuma ba zai ƙara yarda da farashinka na farko ba. In ma duk wanda ka gaya wa farashi ya amince nan take, to ka yi araha.

Sai an rubuta yarjejeniya ko da aikin ƙarami ne?

Sai an rubuta. Ba lallai takardar lauya ba. Imel ɗin da ya amsa da "na amince" ya fi maganar baki nesa ba kusa ba. A ciki a ga abin da za ka miƙa, da ranar miƙawa, da kuɗi, da ranar biya, da yawan gyaran da ke cikin kuɗin, da abin da zai biya in ya fasa aikin a tsakiya. Ka karɓi kafin alƙalami, daga kashi 30 zuwa rabi, musamman daga wanda ba ka taɓa hulɗa da shi ba. Babban aiki kuma a raba shi zango-zango, kowane zango da biyansa. Amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka karɓi kuɗi, wa'adi ya hau kanka. In ka ga za ka makara, faɗa tun da sauran kwanaki, kada ka kashe waya.

Akwai maganar hakkin mallaka da mutane ke mantawa. A Amurka da Birtaniya, alal misali, hakkin abin da mai aikin kansa ya ƙirƙira yakan kasance nasa sai in ya miƙa shi a rubuce da sa hannu. Ka rubuta cewa hakkin zai koma ga mai ba da aiki ne bayan ya biya ciko. Ka kuma nemi izinin nuna aikin a cikin samfuranka.

Kullum sai ya ce "ɗan ƙaramin gyara ne". Yaya zan yi?

Kada ka yi fushi, kada kuma ka yi shiru. "Gyara biyun da muka yi magana sun cika. Wannan zan iya yi, kuɗinsa kaza, zai ƙara kwana biyu. In ci gaba?" Sau da yawa daga nan gyaran zai daina zama dole.

Na gama aiki, ya ƙi biya.

Yawancin jinkiri mantuwa ce ko takarda ta maƙale a teburin wani. Washegarin ranar biya tura tunatarwa cikin ladabi, tare da takardar. Bayan mako guda kira waya, kuma a kamfani ka nemi mai kula da kuɗi kai tsaye. In abin ya ƙi, dakatar da duk wani aiki nasa da ke hannunka, ka rubuta masa wa'adin ƙarshe. Daga nan sai ƙaramar kotun bashi, in akwai ta a inda kake.

Wasu wurare sun yi doka a kai. Birnin New York ya fara aiki da tasa a 2017: aikin da ya kai dala 800 dole a rubuta yarjejeniyarsa, in ba a sa ranar biya ba a biya cikin kwana 30 da gamawa, kuma wanda aka cinye wa kuɗi yana iya neman ninki biyu. Amma in mai aikin yana wata nahiya, bin sa kotu zai fi kuɗin tsada. Garkuwarka ita ce kafin alƙalami, da riƙe cikakken aikin har sai ciko ya shigo. Kafin nan samfuri mai tambarinka a jiki kawai zai gani.

Ta yaya zan gane ɗan damfara?

Wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a ba ka aiki. Wanda ya ce ya turo fiye da kuɗinka bisa kuskure, ka mayar masa da rarar. Daga baya biyan nasa zai tabbata na bogi, naka kuma ya tafi. Wanda ya ba ka "gwaji" mai girman cikakken aiki. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai ka gani a asusunka.

Haraji da karɓar kuɗi daga waje fa?

Ba wanda zai cire maka haraji daga tushe kamar mai albashi, sai dai in dokar ƙasarka ta ɗora wa kamfanin da ya biya ka ya riƙe wani kaso. A Amurka mai aikin kansa yana biyan kashi 15.3 cikin 100 na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi, ban da harajin kuɗin shiga. A Birtaniya wanda ya samu fiye da fam 1,000 a shekara daga aikin kansa sai ya yi rajista, kuma 31 ga Janairu ce ranar ƙarshe ta cike takardar haraji ta intanet. Nemi ƙa'idar ƙasarka tun kuɗin farko. Buɗe asusu daban na sana'a, duk kuɗin da ya shigo ka ware kason haraji, ka riƙa biyan kanka albashi tsayayye daga sauran, domin watan samu ya ɗauki nauyin watan rashi.

A cikin hanyoyin karɓar kuɗi daga waje, Payoneer, Wise da PayPal su ne aka fi ji, amma ba kowacce ke barin a karɓi kuɗi a kowace ƙasa ba. Tabbatar da hanyar kafin ka fara aiki, kuma ka dubi canjin da suke bayarwa, domin a nan ake yanka mutum fiye da a kuɗin turawa.

Yaushe zan ƙara farashi?

Ranar da aiki ya fi ƙarfin lokacinka. Fara da sababbin masu zuwa. Tsofaffi kuma ka ba su sanarwar wata ɗaya ko biyu, ba tare da dogon ban haƙuri ba. Wasu za su tafi, galibi waɗanda suka fi wahalar da kai. Kafin ka ƙara wa babban abokin cinikinka, duba ko fiye da rabin kuɗinka daga wurinsa yake fitowa. In haka ne, fara samo wasu biyu tukuna, sannan ka tura masa sanarwar.