Maganin sikila na dala miliyan 2.2: yadda aka zo nan

Duk gidan da ke da mai sikila sun san yadda daren hunturu yake, yaro na kuka ƙashi na ciwo, uwa na dafa ruwan zafi tana gasa masa ƙafa, da asuba a kama hanyar asibiti neman gado da ledar jini. Shi yasa da labari ya ɓulla a ƙarshen 2023 cewa Turawa sun samo maganin da ke gyara ciwon tun daga tushe, mutane suka yi ta yawo da shi a WhatsApp ana hamdala, amma ba kowa ya tsaya ya duba kuɗin ba.

Asalin abin ya daɗe. Tun 1910 wani likita a Chicago mai suna James Herrick ya rubuta bayanin jinin da ke lanƙwashewa kamar lauje, a 1949 kuma Linus Pauling ya nuna matsalar tana cikin haemoglobin ne, sinadarin da ke ɗaukar iskar oxygen a cikin jini. Wato an san inda ciwon yake shekara sama da 70, abin da babu shi ne almakashin da zai shiga ya yi gyara. Shi ne ya zo a 2012 da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da fasahar CRISPR mai yanka ƙwayar halittar gado a gyara ta, har suka ci kyautar Nobel a 2020. A 2019 aka fara gwada ta a jikin wata mai sikila a Amurka, Victoria Gray.

Ingila ce ta fara amincewa da maganin, Casgevy na kamfanin Vertex, a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, rana ɗaya da wani makamancinsa Lyfgenia na bluebird bio. Casgevy dala miliyan 2.2, Lyfgenia miliyan 3.1. A kuɗinmu, Casgevy ɗin ma kusan naira biliyan 3 ne, mutum ɗaya fa.

Kuma ba ƙwaya ba ce da za ka haɗiya. Sai an ɗebi ƙwayoyin asali na jinin mara lafiya, a kai su ɗakin gwaji a gyara su yadda za su koma yin irin haemoglobin ɗin da jariri ke da shi a ciki, sannan a ba mutum kemoterafi mai ƙarfi, irin maganin da ake ba masu ciwon daji, ya share tsohon ɓargo kafin a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a kwance a asibiti, ga kuma haɗarin rasa haihuwa sanadin kemoterafin. To ko an ba mu kyauta asibiti nawa ne a nan za su iya wannan hidima?

Yadda suka yanka farashin shi ne abin da ya fi ba ni haushi gaskiya. Lissafinsu shi ne nawa kamfanonin inshorar Amurka za su kashe wa mai sikila tsawon rayuwarsa, sai a saka kuɗin kusa da haka a ce ai an ma yi musu sauƙi. Lissafi ne da ba mu cikinsa tun farko, alhali Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara. Su kansu kamfanonin ba duka suka ji daɗin kasuwar ba, bluebird ya tattara ya bar Turai a 2021 bayan sun kasa daidaitawa da Jamus kan farashin wani maganinsa, a 2025 kuma aka saye kamfanin da araha.

A 2019 gidauniyar Gates da cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, sun yi alƙawarin dala miliyan 200 don neman hanyar gyaran sikila da HIV da za a yi ta allura a cikin jiki ba tare da dashen ɓargo ba, saboda ƙasashe irin namu. Kafin nan abin da ke hannunmu shi ne hydroxyurea, maganin da ke rage yawan tashin ciwon, wanda shi ma wasu iyayen sai sun ci bashi suke saya, sai gwajin jini kafin aure da Kano ta mayar doka a 2024, a gane AA da AS tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.