Waiwaye: Yadda naman gwangwani da gindin talotalo suka ture gwaza a tsibiran Fasifik

A Samoa, in ana biki ko zaman makoki, katon-katon na naman gwangwani ake kaiwa gudummawa. Suna kiransa pisupo, sunan da suka aro daga wata miyar wake ta gwangwani da Turawa suka fara shigo musu da ita. Kakanninsu kuwa gwaza da doya da ayaba da kwakwa da kifi suka sani, a jera su kan duwatsu masu zafi, a lulluɓe da ganyen ayaba har su dahu.

Sauyin ya fara ne da 'yan mishan da 'yan kasuwa, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara masa wuta, lokacin da sojojin Amurka suka cika tsibiran da abincin gwangwani. Mutane suka koma gari aikin albashi, shinkafa da fulawa da sukari suka zauna da gindinsu.

Babu inda abin ya yi muni kamar Nauru. Haƙar ma'adinin fosfet, wanda ake takin zamani da shi, ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar tsibirin. Bayan samun 'yanci a 1968 kuɗi ya shigo, amma gona ta tafi, kusan komai sai jirgi ya kawo. Binciken da aka yi a 1975 ya nuna kusan mutum 1 cikin manya 3 yana da ciwon sukari.

Sai kuma naman da masu shi ba sa so: kitsen haƙarƙarin tumaki daga New Zealand da gindin talotalo daga Amurka. Sau da yawa akan ɗora laifin kan kwaɗayin mutanen tsibiran, ni kuwa ban yarda ba. Uwar da ke da baki takwas a gida, ta tarar kifin tekunsu ya fi daskararren kitse tsada, wane zaɓi ya rage mata? Ga guguwa da kan share gonaki cikin dare ɗaya, buhun shinkafa kuwa yana ajiyuwa wata da watanni.

Gwamnatoci sun yunƙura. Fiji ta hana sayar da kitsen tumakin a 2000, Samoa ta haramta shigo da gindin talotalo a 2007. Mutanenmu na Ghana sun san irin wannan, domin can ma an haramta shigo da chofi, wato gindin talotalon, tun 1999, kuma har yau ana soya shi a bakin titi. Dokar Samoa ba ta yi ƙarko ba. Da ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2012, janye haramcin na cikin sharuɗɗan da aka gindaya mata, sai ta koma ɗora wa naman haraji mai nauyi.